Wutar Girki Daga Masai

Jama'a, kowa ya san yadda itace da gawayi suka yi tsada, ya kuma san kuɗin da masu kwasar masai ke karɓa in shadda ta cika. To, akwai dabarar da ke rage wahalhalun nan biyu a lokaci guda, wato a fitar da iskar gas ta girki daga bayan gida.

Ga yadda abin yake. Ana gina rami da bulo da siminti, a yi masa rufi mai ƙubba, a shafe shi sosai yadda iska ba za ta shiga ba. Bututu ɗaya ke kawo bahaya daga bandaki. A can ciki, wasu ƙwayoyin halitta irin na tumbin saniya sai su yi ta cin ƙazantar har wata guda ko biyu, gas yana taruwa a ƙarƙashin ƙubbar. Fiye da rabinsa mitan ne, sinadarin da ke kamawa da wuta, shuɗiya, ba hayaƙi, ba baƙin tukunya. Ƙwayoyin nan kuwa zafi suke so, kamar digiri 35, don haka yanayin ƙasarmu ya dace da su, sai dai aikinsu kan ja baya da hunturu.

Amma fa kada a ruɗe ku. Abin da mutum ɗaya ke fitarwa a yini bai wuce ya ba da gas kamar lita 30 ba, wanda ko ruwan shayi da ƙyar ya tafasa. Gida mai mutum goma ba zai tuƙa tuwo da masansa kaɗai ba, sai an riƙa dama kashin shanu da ruwa ana ƙarawa. Inda dabarar ta fi riba shi ne wurin taron jama'a: makarantar kwana, tasha, kasuwa, bariki. Ƙasar Ruwanda ta gwada haka a gidajen yarinta masu cunkoso, inda cibiyar kimiyya da fasaha ta Kigali ta gina manyan ramuka, itacen da ake ƙonawa ya ragu ƙwarai, har aikin ya ci lambar yabo ta Ashden a 2005. A Indiya ma ƙungiyar Sulabh, wadda Bindeshwar Pathak ya kafa a 1970, ta haɗa bandakunan haya da irin wannan rami.

Wani zai ce, "Ni in ci abincin da aka dafa da najasa? Allah ya kiyaye!" Ƙyamar tana da dalili, amma a lura: ƙazanta tana can ƙasa, iska ce kawai ke biyo bututu zuwa murhu, kuma ɗan warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tare da ita wuta na cinye shi. Ashe ba mu daɗe muna cin dawar da aka noma da taki ba?

Sai a kiyaye. Kada a zuba ruwan omo ko maganin kashe ƙwayoyin cuta a ramin, don za su kashe ƙwayoyin halittar da ke aikin. Kada kowa ya shiga ciki gyara sai an buɗe ya sha iska sosai, domin gas ɗin na shaƙe mutum. Dagwalon da ke fitowa taki ne mai kyau, amma ƙwan tsutsar ciki kan rayu a cikinsa, don haka a tara shi ya yi watanni yana bushewa, a kai gonar hatsi ko gindin itatuwa, ban da latas da sauran ganyen da ake ci ɗanye.