Birkin ABS Da Matsalar Sansa A Motoci Masu Haɗa Fetur Da Lantarki

Gabatarwa

Ɗalibi, rufe idonka ka ɗaga hannu sama, sa'an nan ka taɓa hancinka da yatsa. Za ka ga ba ka kuskure ba, ko da yake ba ka ganin hannun. Dalili kuwa shi ne, a cikin tsokoki da gaɓoɓin jikinka akwai waɗansu ƙananan majiya da ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙo a kowane lokaci game da inda kowace gaɓa take. Idan jijiyoyin da ke ɗaukar saƙo daga jiki suka lalace, kamar yadda yakan faru ga mai cutar kuturta, sai mutum ya taka ƙaya ko garwashi bai sani ba. Motar zamani ma tana da irin waɗannan majiya, waɗanda makanikai ke kira sansa. A wannan darasi za mu duba sansar da ke jikin taya, da aikinta, da kuma abin da ke biyo baya idan ta lalace, musamman a motocin da ke haɗa injin fetur da na lantarki, wato hayibirid.

Mene Ne Birkin ABS?

Idan direba ya danne birki da ƙarfi a kan hanya mai santsi, taya takan cije ta daina juyawa, motar kuwa ta ci gaba da sulalawa. Tayar da ta cije ba ta bin sitiyari, saboda haka duk yadda direba ya murza, motar ba za ta kauce wa abin da ke gabanta ba. Domin magance wannan haɗari ne kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz na ƙasar Jamus suka fito da birkin ABS mai aiki da kwamfuta a shekarar 1978. Da zarar kwamfutar ta lura wata taya na shirin cijewa, sai ta sassauta matsin man birki a kan wannan taya, ta sake matsawa, ta sake sassautawa, sau da dama a cikin daƙiƙa ɗaya. Ta haka tayar ke ci gaba da juyawa, direba kuma ya samu ikon sarrafa motarsa.

Yadda Sansa Ke Aiki

Kwamfuta ba ta ganin taya, sai abin da sansa ta faɗa mata. Kowace taya tana da zobe mai haƙora da ke juyawa tare da ita, sansar kuwa na kafe daf da zoben. Tsohuwar samfurin sansa maganaɗisu ce da aka naɗe da siririyar waya. Duk haƙorin da ya gifta ta gabanta yakan sauya ƙarfin maganaɗisun, wannan sauyi kuwa ya haifar da ɗan lantarki a cikin wayar, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831. Sabuwar samfurin kuma tana karɓar wuta daga batir, tana karanta wani zoben maganaɗisu da galibi ke cikin boris ɗin taya, kuma tana iya auna gudu ko da mota na tafiyar hawainiya.

Bari mu yi lissafi. A ce kewayen taya mita 2 ne, zoben kuma yana da haƙora 48. Motar da ke gudun kilomita 72 a awa tana cin mita 20 a daƙiƙa, ke nan tayar na juyawa sau 10, sansar kuma na aika saƙo 480 a kowace daƙiƙa. Kwamfuta na kwatanta saƙonnin tayoyi huɗu. In na taya ɗaya suka ragu farat ɗaya alhali sauran suna nan yadda suke, ta san wannan taya ta fara cijewa.

Bambancin Motar Hayibirid

Kamfanin Toyota ya fara sayar da motar Prius a Japan a 1997, ita ce kuma hayibirid ta farko da aka ƙera da yawa domin kasuwa. Irin wannan mota tana da birki iri biyu. Na farko shi ne wanda aka saba, inda takalmin birki ke matse faifai, ƙarfin gudu ya koma zafi ya bi iska. Na biyu kuwa, injin lantarkin ne ke rikiɗa ya zama janareto. Tayoyi su juya shi, shi kuma ya rage musu gudu yana cika batir, kamar dai yadda ɗan janareton fitilar keke ke sa tuƙi ya yi nauyi. Ribar ba kaɗan ba ce, domin mota mai nauyin kilo 1,400 da ke cin mita 20 a daƙiƙa tana ɗauke da makamashi jul 280,000, wanda ya kusa isa ya tafasa ruwa lita ɗaya. Wani kaso na wannan ne ake mayarwa batir a duk tsayawa.

To, amma janareton yana riƙe tayoyin da inji ke juyawa ne kawai, kuma ba ya iya sassauta wa taya ɗaya ya bar ɗaya. Saboda haka da zarar sansa ta ba da labarin santsi, dole kwamfuta ta janye birkin lantarki ta miƙa aikin ga birkin mai. Wannan miƙa aiki abu ne mai wuyar daidaitawa. A watan Fabrairu na 2010 Toyota ta yi kiranyen motocin hayibirid fiye da 400,000 a duniya, saboda direbobi na jin birki ya ɗan yi jinkiri a kan gargada ko santsi. A wancan karo laifin na manhajar kwamfuta ne, aka kuma gyara ta, amma ya nuna irin dogaron da tsarin ya yi ga saƙon taya.

Dalilan Lalacewa Da Alamominta

Galibin motocin da ke shigowa ƙasashenmu an riga an mora su a waje, ga kuma ƙurar hunturu da taɓon damina da ramukan hanya. Garin ƙarfe yakan manne wa maganaɗisun sansa, ruwa ya shiga mahaɗar waya ya kawo tsatsa, waya ta tsinke saboda yawan lanƙwasa, boris ya saki har tazarar sansa da zobe ta sauya, ko haƙori ya karye. Har ila yau, sanya tayoyin da girmansu ya bambanta yakan rikita kwamfuta.

Idan saƙo ya yanke, fitilar ABS mai ruwan ɗorawa takan kama a gaban direba, kwamfuta ta kashe ABS da tsarin hana mota zamewa. A hayibirid da yawa takan rage birkin lantarki ko ta dakatar da shi, sai shan mai ya ƙaru, takalmin birki ya riƙa saurin cinyewa. Birkin mai yakan ci gaba da kamawa, amma taya na iya cijewa ranar da aka taka shi da gaggawa. Idan kuwa sansa na aika saƙon ƙarya, direba zai ji birki na karkarwa a ƙafarsa a kan busasshiyar kwalta yayin da yake daf da tsayawa.

Kammalawa

Cire ƙwan fitilar gargaɗi ko liƙe ta, kamar yadda wasu ke yi kafin su sayar da mota, daidai yake da kashe jijiyar ƙafa don kada a ji zafin ƙaya. Mai sayen mota ya lura: fitilar ABS ta kama idan an kunna mota, ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. A kai mota ga makaniken da ke da na'urar karanta kwamfuta, domin ita za ta nuna tayar da ke da matsala. In jar fitilar birki ce ta kama, a tsaya a duba kafin a ci gaba da tafiya. Kada kuma kowa ya taɓa wayoyi masu launin lemo a hayibirid, domin batirin Prius na ɗauke da bolt 200 ko fiye, wanda ke iya kisa.

Tambayoyi

1. Taya mai kewayen mita 2 da zobe mai haƙora 48 tana gudun kilomita 36 a awa. Saƙo nawa sansa za ta aika a daƙiƙa?
2. Me ya sa tayar da ta fi sauran ƙanƙanta za ta rikita kwamfuta?
3. Kwatanta sansa da waya da kwamfuta da sassan jikin ɗan'adam da suke kama da su.