Matakan gyara abincin mai ciwon suga ba tare da raba tukunya ba

Da zarar likita ya ce maigida yana da ciwon suga, sai shawarwari su yi yawa: a bar shinkafa, a koma alkama, a sha ruwan shuwaka. Amma gyaran yana hannun mai girki. Duk ma'aikacin lafiyar da ke wayar da kan unguwa ya zaunar da uwargida tare da mai ciwon, su bi matakan nan.

Da farko a ware masa kwanonsa. Wanda ke cin tire ɗaya da yara ko baƙi ba zai san iya abin da ya ci ba.

Na biyu, a kasa farantin gida huɗu. Kashi biyu na ganye ne: kwaɗon zogale ko rama, alayyahu, kabeji, yalo, miyar kuɓewa. Kashi ɗaya kifi, nama, ƙwai ko awara. Ragowar shi ne gurbin tuwo, malmala daidai dunƙulen hannunsa. A nan ake yawan ruɗuwa. Alkama da acca su ma hatsi ne, suna komawa suga a jini, kuma wanda ya tashi da malmala uku ta alkama ya fi mai cin guda ɗaya ta masara cutuwa. Abin takaici ne a ga talaka yana kashe kuɗi a kan garin alkama alhali dawa da gero na cikin rumbunsa. Kada dai a surfe su tas, don dusar tana rage saurin hawan suga.

Na uku, abin sha. Kwalbar lemo ɗaya kan ɗauki kusan ƙaramin cokali tara na suga. Zoɓo, kunun zaƙi da shayin safe, a sha su ba suga. Zuma ma zaƙi ce. In za a dama fura, nono ya rinjaye ta.

Na huɗu, kada a tsallake abinci, musamman mai allurar insulin ko mai shan glibenclamide. In ya ji jiri, zufa da rawar jiki, ko awon suga ya sauka ƙasa da 70, a dama masa babban cokali ɗaya na suga a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15.

Na biyar, awo. Yawanci ana so a ga 80 zuwa 130 kafin karin kumallo, ƙasa da 180 awa biyu bayan cin abinci. A riƙa rubutawa tare da abin da aka ci, a tafi da littafin ranar ganin likita. Kafin watan azumi ya kama a koma asibiti, don lokacin shan magani zai canja tsakanin sahur da buɗa-baki.