Yadda Za Ka Kula Da Tsohon Babur: Wurare 4 Da Suka Fi Ba Da Matsala

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya mu taɓa babur, domin da yawanmu na hannu muke saya, musamman Bajaj Boxer. Nawa ma haka na same shi, kuma sai da ya ajiye ni a hanya da daddare, kwamfuta na goye a baya, sannan na gane cewa tsohon babur ba ya mutuwa farat ɗaya. Yana ba da alama tun da wuri, mu ne ba ma kula.

1. Baƙin mai

Injin Boxer kusan lita 1 kawai yake ɗauka, don haka ko kaɗan ya ragu, injin zai ji a jikinsa. Duk sati ka kafe babur a tsaye, ka zaro sandar awo ka duba. Ni ina juye nawa duk bayan kilomita 1,500 zuwa 2,000. Ka nemi mai irin 20W-50 wanda aka rubuta JASO MA a jikin robar. Dalili kuwa, kulocin babur a cikin baƙin mai yake aiki, kuma wasu mayukan mota suna sa shi santsi. Idan ka ga shuɗin hayaƙi na fita daga salansa, injin ya fara cin mai, sau da yawa ring ne ya cinye. Amma wannan bai shafi Jincheng AX100 ba, shi dama da mai 2T yake ƙona fetur.

2. Filogi

Filogi ne ke gaya maka lafiyar injin. Kwance shi bayan injin ya huce ka dubi bakinsa. Ruwan ƙasa: komai lafiya. Baƙi a bushe: fetur ya fi iska yawa, wataƙila soson tace iska ya toshe, abin da ke yawan faruwa lokacin hunturu saboda ƙura. Baƙi mai maiƙo: baƙin mai na shiga inda bai kamata ba. Fari fat: fetur ya yi kaɗan, injin na yin zafi, maza ka kai wa makanike.

3. Sarƙa

Danna tsakiyarta da yatsa. Motsinta sama da ƙasa kada ya wuce santimita 2 zuwa 3. Idan ta yi sako-sako tana iya zamewa kana cikin gudu, ta cije tayar baya. Idan ta ɗaure da yawa kuma, ta cinye haƙoran da take hawa. In haƙoran sun yi tsini, canza su tare da sarƙar. Sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora asarar kuɗi ce.

4. Batir da caja

Nan ne mu masu waya muke yi wa kanmu. Cajar USB da aka jona kai tsaye a batir tana iya ci gaba da jan wuta ko an kashe babur. Ka sa mai gyaran wuta ya biyo da ita ta makulli, ya sa mata fis. Da ƙaramar multimita za ka iya auna batir da kanka: a kashe, wajen volt 12.6. Idan ka tayar ka ɗan ja mai, 13.5 zuwa 14.5. In ya haura 15, na'urar daidaita wuta ta lalace, shi ya sa ƙwan fitilarka ke yawan ƙonewa.

Daga ƙarshe, ka sa wayarka ta yi aiki. Duk ranar da ka juye mai, ɗauki hoton mitar kilomita, ka sa tunatarwa a Google Calendar. Idan mitar ta mutu, yi amfani da kwanan wata. Kuɗin lita ɗaya bai kai kuɗin sauke inji ba.

Sai mun haɗu a darasi na gaba. Allah Ya tsare hanya.