Ƙaunar Abu Ba Ta Mallaka Maka Sunansa

Ɗana, na ji kana shirin buɗe shafin masoya a intanet don ƙungiyar ƙwallon nan da ba ka gajiya da zancenta. Madalla. Wanda ya sa lokacinsa da kuɗin datarsa a kan abin da yake so, ba a raina ƙoƙarinsa. Amma zauna tukuna, mu yi maganar suna kafin ka biya kuɗin rajista.

Sunan ƙungiya, ko na kamfani, ko na fim, galibi alamar kasuwanci ce, kuma tana da mai ita. Kamfanin da zai sayar maka da adireshin shafi ba zai tambaye ka izinin kowa ba. Kuɗinsa zai karɓa ya ba ka. Sai dai a cikin dogayen sharuɗɗan nan da muke amincewa da su ba mu karanta ba, akwai wata ƙa'ida da hukumar ICANN mai kula da adiresoshin intanet ta kafa a 1999, ana ce mata UDRP. Duk mai adireshin da ya ƙare da .com tana kansa, ko a ina yake zaune.

A ƙarƙashin wannan ƙa'ida, mai alama yakan kai kukansa cibiyar sasanci ta WIPO da ke Janiba. Abu uku zai tabbatar: sunan shafinka ya yi kama da nasa har mutum zai iya ruɗewa, ba ka da wani haƙƙi a kan sunan, sannan da mugun nufi ka yi rajistarsa kake amfani da shi. Kwana 20 ake ba ka ka kare kanka. In ya yi nasara, a ɗauke adireshin a miƙa masa. Duk jama'ar da ka sha wahalar tarawa sai su wayi gari ba su san inda ka koma ba, tamkar wanda ya yi gini a filin wani. A Amurka ma abin ya wuce nan, don dokarsu ta 1999 ta ba alƙali damar ɗora diyyar dala 1,000 zuwa 100,000 kan kowane suna.

Na san za ka ce, "Kawu, ai ni masoyi ne, ba ɗan damfara ba." Na yarda, ɗana. Amma a shekarar 2000 kamfanin Warner Bros ya aika wa masu shafukan masoyan Harry Potter wasiƙun lauyoyi, har da wata yarinya 'yar shekara 15 a Ingila, yana neman su sallama adireshinsu. Sai da jaridu suka yi masa ca sannan ya janye. Yarinyar ta tsira da shafinta, amma ta sha watanni cikin zullumi. Kuma ba kowa jarida ke tsaya wa ba.

Masu yanke hukunci a cibiyar WIPO ɗin nan suna da adalci, sukan ji tausayin masoyi na gaskiya. Abin da suke dubawa shi ne ko shafin na aiki, ko ba neman kuɗi ake yi da shi ba, ko kuma an bambanta shi sarai da na masu sunan. Wanda ya ɗauki sunan tsurarsa, ba ƙari ba ragi, shi ya fi shiga uku, don baƙo zai zaci gidan masu abin ya shigo. Daga ranar da ka fara sa talla, ko sayar da riguna masu tambarinsu, ko ka ce su biya ka ka sakar musu adireshin, ka ba su hujja da hannunka.

Don haka ka raɗa wa shafinka suna na kanka, sunan ƙungiyar ya zauna a cikin rubutu. Ka rubuta a sama ƙarara cewa na masoya ne, ba shi da alaƙa da ƙungiyar. In wasiƙar lauya ta zo, kada ka share ta, kada kuma ka mayar da zafi. Nemi lauya ya duba maka. Kayan aro ba ya rufe katara, ɗana. Ka yi naka, Allah ya sa masa albarka.