Darasi: Fadamar Hadejia-Nguru Da Tsuntsayenta

Kogin Hadejia yana tasowa ne daga ƙasar Kano. Kogin Jama'are kuwa daga tsaunukan Jos yake gangarowa. Kafin Gashuwa sai su haɗu su zama Kogin Yobe, wanda ke zuba a Tafkin Chadi. Ƙasar da ke tsakanin Hadejia da Nguru da Gashuwa shimfiɗaɗɗiya ce. Saboda haka idan damina ta yi nisa, ruwa yakan cika koguna ya malala ko'ina. Wannan wuri shi ake kira Fadamar Hadejia-Nguru.

Ambaliya idan ta yi yawa takan ci gidaje da gonaki. Amma wadda ta zo daidai kima ita ce arzikin wurin. Tarwaɗa da karfasa suna hayayyafa cikin ciyawar da ruwa ya rufe. Manoma su yi shinkafa. Ruwa na janyewa a shuka wake a danshi, Fulani kuma su kawo shanu kiwo.

Tsuntsaye ma a nan suke samun abinci. Akwai 'yan gida irin su ɗinya da kirinjijiya da zalɓe. Akwai kuma baƙi, agwagin ruwa masu tasowa daga Turai idan sanyi ya tsananta a can. Sukan ƙetare hamadar Sahara su yi hunturu a fadamar, sannan su koma.

Don kare su ne aka keɓe tafkin Dagona a ƙasar Bade, Jihar Yobe, da dajin Baturiya a Jihar Jigawa. Doka ta hana farauta da saran itace a ciki. A shekarar 2008 an sa wuraren biyu cikin jerin muhimman fadamun duniya.

Sai dai doka ba ta kawo ruwa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliya ta ragu. Ruwan da ake saki da rani kuma ya hana wasu magudanai bushewa, sai kacala ta samu wurin zama. Wannan ciyawa tana toshe hanyar ruwa. Wani gari ruwa ya yi masa yawa, na gaba da shi ya rasa. A cikinta kuma jan-baki ke kwana, da safe su faɗa gonakin shinkafa. Shi ya sa garuruwa da dama ke yin gayya su sare ta.

Tambaya: Me ya sa kacala ta yawaita bayan gina madatsun ruwa?