Ruwan Azurfa: Shin Yana Ƙyale Ƙwayoyin Da Ke Amfanar Jikinki?

'Yar'uwa, darasinmu na wannan fitowa a kan ruwan azurfa ne, wato ruwan da ake sa ɓurɓushin azurfa ƙanana ƙwarai a cikinsa, ana tallarsa da sunan maganin sanyi da ciwon ciki. Masu tallar kan ce miyagun ƙwayoyi kaɗai yake kashewa, ya ƙyale masu amfani. To, a nan gizo ke saƙa.

Ki sani, ba kowace ƙwayar bakteriya ce abokiyar gaba ba. A hanjinki akwai biliyoyinsu, suna taimakawa wajen narkar da abinci, suna samar da bitamin K da wasu nau'o'in bitamin B, suna kuma hana miyagun samun wurin zama. A gaban mace kuwa akwai Laktobasilus, dangin wadda ke mayar da madara kindirmo. Ita ce ke riƙe ɗan tsamin wurin, wanda ke kare ki daga ƙaiƙayi da wari.

Ita azurfa ba ta da ido. Tana lalata fatar ƙwayar, ta tsayar da aikinta, ba ruwanta da ta kirki ko ta banza. Shi ya sa asibiti ke amfani da ita cikin man shafawa na ƙuna, a kan rauni kawai. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna shanta na iya birkita tsarin ƙwayoyin hanji.

Ba nan ta tsaya ba. Jiki ba ya buƙatar azurfa kamar yadda yake buƙatar sinadarin ƙarfe. In ta taru, fata kan koma shuɗi-shuɗi mai toka-toka, kuma launin ba ya gogewa. Tana kuma rage shigar wasu magunguna cikin jini, irin su tetarasakilin da maganin maƙoƙo na tayiroksin. Tun 1999 hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta ƙi amincewa da ruwan azurfa a matsayin magani.

Don haka kada ki sha, kada ki yi tsarki ko matsi da shi, kada ki ɗura wa yara. In kin ga alamar sanyi, ki je asibiti a yi gwaji, in an ce maigida ma ya sha magani ya daure. Hanjinki kuwa, ki lallaɓa shi da kindirmo, wake da ganye.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.