Sunan Gari Ba Na Mutum Ɗaya Ba Ne

Wata wasiƙa ta zo mana daga Giyawa, a ƙaramar hukumar Goronyo. Wani bawan Allah mai injin casar shinkafa yana son yi wa buhunansa rajista da sunan "Shinkafar Goronyo", sai aka ce masa da wuya Abuja ta amince, ga shi kuwa yana da takardar hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC. To Malam, wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. Takardar CAC sunan sana'arka ta kare. Tambarin da ke jikin buhu kuwa yana da ofishinsa daban, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, kuma dokar 1965 yake bi. Dokar tana son tambarin da zai raba kayanka da na maƙwabcinka. "Shinkafa" sunan kayan ne, "Goronyo" sunan wuri ne, babu wanda ya nuna kai.

Na san za ka ce ai sunan ne ke sayar da kaya, kuma da ruwan madatsar Goronyo ka noma abinka. Haka ne, amma ruwan nan na kogin Rima shi manoman Wurno ma ke ban ruwa da shi. In aka mallaka maka sunan, gobe mai buhu goma a kasuwa ba shi da ikon faɗin inda shinkafarsa ta fito, kuma a ganina wannan zalunci ne. In sunan yankin ake son karewa, ƙungiyar manoma ce za ta nemi tambarin shaida na haɗin gwiwa. Kai dai ƙirƙiro suna naka da zane naka, ka rubuta Goronyo a ƙasa a matsayin adireshi.

Sauran abin da ke kayar da mutane shi ne kama da na wani, ko da a kunne ne kawai: a 1968 Kotun Ƙoli ta ga "Casorina" ya yi kusa da "Castoria". Saboda haka kafin ka buga buhu ko ɗaya, ka sa lauya ko wakili ya binciki rajista a rukuni na 30, inda shinkafa take, kuma kada ka saka tambarin gwamnati. In an karɓa za a buga a mujallar ofishin, a ba masu ƙorafi wata 2. Rajistar farko shekara 7 take yi, sabuntawa kuma 14.